Amsar da ba ta da mai ita

Kawuna ya rasu a Tawa cikin azumin bara, da asuba, bayan jinyar da ba ta kai mako biyu ba. Ina Yamai labari ya same ni. Na kama motar safe, amma kafin mu wuce Dogon Dutsi an riga an kai shi makwancinsa, sai zaman makoki na tarar.

Autarsa ce ta sanar da dangi na nesa. Duk wanda ya san Adar ya san rabin gida kullum yana waje: wani na Abijan, wani na Kwatano, wani na Libiya, wani ya shekara goma a Kamaru. Ba ta da ƙarfin kiran kowa ɗaya bayan ɗaya, sai ta sa hoton mahaifinta a wani zauren Facebook na ƴan garinmu, hoton da aka ɗauke shi ranar babbar sallah cikin farar shadda. Ta rubuta a ƙasa da irin rubutun yaranmu da suka yi lakwal: "Babanmou ya tchika da assouba." Kafin azahar gaisuwa ta yi ta zuba. Allah ya jiƙansa, Allah ya sa ya huta, Allah ya ba ku haƙuri, Allah ya kyautata namu zuwan. A tsakiyarsu kuma akwai wannan:

"Masha Allah Alhaji, wannan shadda ta yi kyau sosai. Allah ya ƙara buɗi. Akwai sabbin kaloli a shagonmu, a tuntuɓe mu."

Ranar sadakar uku autar ta jawo ni gefen rumfa, ta miƙo mini wayar, hannunta na rawa. Ta ce, "Yaya, dubi abin da mutumin nan ya rubuta wa Baba. Me Baba ya yi masa?" Na karanta har sau uku, ban sami abin ce mata ba. Na dai ce ta yi haƙuri, zan bi sawu.

Da na koma Yamai na nemi mai shafin. Ban sha wahala ba, lambar shagonsa na jiki. Dattijo ne mai sayar da yadi, gemunsa duk furfura, irin mutumin da in ka gaishe shi sai ya tambayi mutanen gidanku kaf kafin ya sake ka. Na nuna masa. Ya sa tabarau, ya karanta a hankali yana motsa leɓe, ya ajiye wayar a kan bandir ɗin shadda, ya dafe kai. "Malam, wallahi tallahi ban taɓa ganin rubutun nan ba sai yanzu. Ni da na binne uwa da uba, zan yi wa mamaci talla?" Na yarda da shi, har yau kuma na yarda. Wani saurayi ne ya zo masa da cewa zai riƙa kula masa da shafi, ya riƙa biyansa duk wata, ciniki kuma ya ɗan motsa. Iyakar abin da ya sani kenan.

Saurayin ma na same shi, a fadarsu da yamma, ana dafa shayi. Yaro ne mai ladabi, ya tashi ya ba ni kujerarsa, ya miƙo mini kofin farko. Ya buɗe kwamfutarsa ya nuna mini komai, bai ɓoye ba, don a ganinsa ba abin ɓoyewa. Manhaja biyu ce. Ta farko aikinta yawo: tana bin zaurukan da ba a kulle ba, dare da rana, tana kwashe duk abin da aka rubuta da duk sharhin da aka yi a ƙarƙashinsa, tana zubawa cikin wani dogon jadawali. Ya yi ta gangarawa da shi ina kallo, layi dubbai, maganganun mutane, an cire sunayensu, an cire ranar da suka faɗa, an bar kalmomi tsirara. Ta biyun ita ce mai baki. In ta ga sabon hoto ko sabon rubutu da ya shafi sutura, sai ta duba cikin abin da aka tara ta ɗauko irin amsar da mutane suka saba bayarwa a wuri mai kama da wannan, ta miƙa wa ɗaya daga cikin manyan manhajojin ƙirƙirarriyar basira, irin su ChatGPT da ya fito a ƙarshen Nuwamban 2022. Waccan ta gyara zancen, ta liƙa tallar Alhaji mai yadin a wutsiya, a aika da sunansa. Ba wanda ke karantawa kafin ya fita. Hoton kawu ya nuna dattijo cikin shadda. Sau dubu an sa irin hoton nan ranar sallah ko ranar ɗaurin aure, sau dubu kuma an amsa da masha Allah. "Ya tchika" kuwa, da wannan rubutun, ba ta gane shi ba.

Ya ce, "Baba, kuskure ne, zan gyara. In na ƙara mata kalmomin rasuwa ba za ta sake ba."

Na san zai iya gyarawa, kuma gyaran ne ya fi tada mini hankali. Da manhajar ta gane rasuwa ce, ta rubuta "Allah ya jiƙansa da rahama" da sunan Alhaji, da ba wanda zai taɓa ganewa. Da ƙanwata ta lissafa shi cikin waɗanda suka yi wa mahaifinta addu'a, alhali ba mahaluƙin da ya ɗaga hannu, ba zuciyar da ta motsa. Kuskuren ne kawai ya tona abin. Tun daga ranar nake tambayar kaina, cikin gaisuwar da ake zuba mana a waya, da barka, da shawarwari, nawa ne ke da mutum a bayansu?

Mu an rene mu kan tambaya guda: wa ya faɗa? Yaro ya shigo da labari, kafin ya kai ƙarshe uwarsa za ta ce, a bakin wa ka ji? A zauren karatu malami ba ya kawo hadisi sai ya ce wane daga wane daga wane, kuma an ruwaito daga Abdullahi ɗan Mubarak cewa isnadi yana cikin addini, ba don shi ba da kowa ya faɗi abin da ya ga dama. A kasuwar albasa ta Galmi, in dillali ya ce maka buhu ya kai kaza, da mutumin za ka auna maganar: ya taɓa yi maka ƙarya ko bai taɓa ba, wa ya aiko shi, ina ribarsa take. Ko gaisuwar mutuwa, kalmominta kowa ya san su, iri ɗaya ne tun kaka da kakanni. Abin da ke sanyaya zuciya shi ne wane ya bar shagonsa, ya tako, ya cire takalmi, ya zauna a tabarma. Nauyin magana mai ita ne. Manhajar saurayin nan kuwa aikinta na farko ta raba magana da mai ita, na biyu ta liƙa ta a bakin wanda bai faɗa ba.

Da na faɗa masa haka, sai ya kawo hujjar da kowa ke kawowa. "Baba, ai su suka sa a fili. Ban fasa wayar kowa ba." Gaskiya ne, bai fasa ba. To amma fili ma yana da iyaka, kuma mun san ta tun kafin a ƙirƙiro waya. Bayan an girbe hatsi an ɗaure dammuna, mata da yara kan shiga gona su yi kala, ba mai gonar da zai kore su. Amma a ce wani ya zo da babbar mota ya bi gonakin Illela da Keita da Buza ɗaya bayan ɗaya yana share duk abin da ya faɗi, ya kai wata ƙasa ya niƙa, ya dawo yana sayar mana da garin, ba wanda zai kira wannan kala. Fadar da muke zaune a bakin titi take, duk mai wucewa na jin hirarsu. Na tambaye su, in na ajiye rakoda a ƙarƙashin bencin nan wata shida, na kwashe duk abin da kuka faɗa, na koya wa wani ya riƙa magana da kalmominku a inda ba ku sani ba, za ku ce ai a fili kuka yi? Suka yi shiru. Can mai dafa shayin ya ce, "A'a Baba, wannan kam cin amana ne."

Magana kuma tana da wurinta. Bagobiri zai rubuta wa Bazabarme a ƙarƙashin hotonsa, "bawana, a ina ka samu kuɗin riga?", su biyun su yi dariya, duk wanda ya karanta a Nijar ya san wasan taubasai ne, al'adar da UNESCO ta sa cikin gadon ɗan Adam a 2014 da sunan ƙasarmu. To cire sunayen mutanen biyu, ka cire asalinsu, ka zuba jimlar cikin jadawali. Me ya rage? Zagi. Ranar da manhaja ta ɗauko ta ta jefa wa wanda ba taubashin kowa ba, da sunan wani bawan Allah da ke barci a gidansa, faɗa ne zai tashi, kuma ba manhajar za a je wa da sanda ba.

Ban ɗora wa saurayin nan laifin duniya ba. Abin da ya yi da ƙaramar kwamfutarsa, shi manyan kamfanoni ke yi da injunan da ke cika unguwa guda. A watan Satumban 2024, gaban wani kwamitin majalisar dattawan Ostireliya, wakiliyar kamfanin Meta, mai Facebook da Instagram, ta amsa cewa suna amfani da rubuce-rubuce da hotunan da manya suka sa a fili tun daga 2007 wajen koyar da manhajojinsu. Ta kuma amsa cewa mutanen Turai an ba su hanyar cewa ba su yarda ba, saboda dokokin kare bayanai na can, ƴan Ostireliya kuwa ba a ba su ba. In mutanen ƙasa mai arziki irin wannan ba a tambaye su ba, ƴar kawuna a Tawa fa? A farkon 2024 kuma aka ba da labarin yarjejeniya tsakanin Google da dandalin Reddit, wadda aka ce ta kai dalar Amurka miliyan 60 a shekara, don Google ya samu hirarrakin mutanen dandalin. Ashe hira tana da farashi. Mai dandali ya sayar, mai manhaja ya saya, wanda ya yi hirar ne kaɗai ba ya cikin ciniki.

Sai a dubi abin da ake tarawar. Tun 2016 aka ga aya: Microsoft ya saki wata manhaja mai suna Tay a Twitter don ta koyi hira daga mutane, ba ta cika kwana guda ba aka janye ta, don zagi da wariyar launin fata ta koya. A watan Mayun 2024, amsoshin da Google ke haɗawa da kansa a saman bincike sun shawarci mutane su zuba gam cikin miyar piza don cuku ya manne. Da aka bi sawu sai aka tarar wani ne ya rubuta haka da wasa a Reddit, shekara 11 kafin nan. Wannan da Turanci kenan, harshen da ya fi kowane yawan rubutu a intanet. To ina ga Hausa?

Hausar da ke rubuce a shafukan sada zumunta ba ta Hausawa duka ba ce. Mafi yawanta daga birane take, daga samari, daga Najeriya, da yawa kuma cikin fushi aka rubuta ta, a tsakiyar musun siyasa ko na aƙida. Mu nan yawancin zancenmu da murya muke yi. Innata ba ta taɓa rubuta harafi ɗaya a waya ba, amma saƙon muryarta na WhatsApp kan kai minti biyar, kuma a cikinsa akwai Hausar da ba za ka samu a kowane shafi ba. Manomi a Badagishiri, mai saƙar tabarma a Madawa, tsohuwar da ta san sunan kowace ciyawa da abin da take yi wa magani, duk ba su cikin jadawalin. Wanda ke cewa "mi kake so", "shina tahowa", "biyat", ko ya rubuta ma, manhaja za ta ɗauka kuskure ya yi, ta gyara masa zuwa Kananci.

Ga ƙaramin misali da kowane ɗan Nijar zai gane. A kasuwar Katako in aka ce maka ɗari, sefa 500 ake nufi, don da dala muke ƙirga, dala ɗaya kuwa sefa 5 ce, jika ɗaya sefa 1000. Manhajar da ta koyi ciniki daga rubutun Kano, ɗari a wurinta naira 100 ce, dala kuma kuɗin Amurka. Ka sa ta ta riƙa amsa wa masu saye da sunanka, ka ga rigimar da za ta haɗa maka. Farashin albasa ma haka. Abin da aka rubuta lokacin da kowa ke cire tasa kasuwa ta cika, in aka cire masa rana aka maimaita wa manomin da ya adana tasa a rudu wata huɗu yana jiran ta yi daraja, an cuce shi, kuma ba shi da wanda zai kama.

Wanda ya fi ba ni tsoro shi ne ciwo. A leƙa kowane zaure a ga uwa ta rubuta cewa ɗanta na zazzaɓi da amai, a ga amsoshin da ke biyo baya. Wannan ya ce jiƙo kaza, wancan ya ce ƙwaya kaza, ɗaya ko biyu su ce a kai shi asibiti yanzu-yanzu. In mutane ne, uwar na iya duba wanda ya faɗa, ta gane wannan ma'aikaciyar jinya ce, wancan mai talla ne. Manhajar da aka gina kan abin da aka fi faɗa kuwa, abin da aka fi faɗa za ta maimaita, da lafazi mai daɗi da natsuwa kamar na likita. Da damina, lokacin da zazzaɓin cizon sauro ke kwasar yara, jinkirin kwana guda ba ƙaramin abu ba ne.

Akwai kuma abin da ba a cika faɗa ba. Amsoshin da inji ke zubawa yau, su wani injin zai kwashe gobe a matsayin Hausar mutane. Wani bincike da mujallar Nature ta buga a watan Yulin 2024 ya nuna cewa manhajar da ake ta koyarwa da abin da manhaja ta rubuta tana lalacewa zubi bayan zubi, kuma abubuwan da ba su da yawa su ke fara ɓacewa. Rijiyarmu ƙarama ce, guga kaɗan na ruwan wanki ya isa ya canza mata ɗanɗano. Abin da zai fara ɓacewa kuwa shi ne namu na nan: Adaranci, Arewanci, Damagaranci, da kalmar da tsohuwa guda ce ta rage tana faɗi.

Duk wannan ɓarnar da ba a yi niyya ba ce. Mai niyya fa? A watan Afrilun 2025 ta bayyana cewa wasu masu bincike daga Jami'ar Zurich ta Suwizalan sun shafe watanni suna sakin amsoshin manhaja a wani zauren muhawara na Reddit, ba da sanin mutanen wurin ba. Manhajar kan yi shigar mutum, wani lokaci ta ce an taɓa yi mata fyaɗe, wani lokaci ta ce aikinta ba da shawara ga masu damuwa. A wani ɓangare na gwajin, kafin a amsa wa mutum sai a bi tsofaffin rubuce-rubucensa a ƙiyasta shekarunsa da jinsinsa da ra'ayinsa na siyasa, sannan a ɗinka masa amsar da za ta shige shi. Waɗannan ƴan jami'a ne, kuma daga baya su da kansu suka sanar da masu kula da zauren. Mu muna zaune a yankin da jita-jita guda kan rufe kasuwa, ko ta haɗa makiyayi da manomi. A yi tunanin ƴan gari ɗari biyar da ba su taɓa wanzuwa ba, kowanne da Hausa mai kyau, da addu'a a bakinsa, kowanne ya san inda ke maka ciwo don ya karanta duk abin da ka rubuta cikin shekara goma. Ni dai in na tuna wannan barci kan ƙaurace mini.

Saurayin ya kawo hujja ta biyu, kuma ta fi ta farko nauyi. Ya ce, "Baba, in ba a tara Hausa ba, injunan nan Turanci da Faransanci kawai za su iya. Mu za a bari a baya." Nan kam na tsaya, don ni ma abin na damuna. Tun watan Maris na 2025 kundin sake gina ƙasa ya ayyana Hausa harshen ƙasa a Nijar. Ina fatan ganin ranar da innata za ta yi wa waya magana da Adaranci ta ji bayanin takardar asibiti, ranar da manomi zai tambayi yanayin damina da harshensa a amsa masa daidai. Ba na cikin masu cewa a watsar da abin duka.

Amma tarawa ba hanya ɗaya gare ta ba. Masu bincike Hausawa da takwarorinsu sun yi aiki irin NaijaSenti a 2022, inda aka tara saƙonnin Twitter wajen 30,000 a kowane ɗaya daga Hausa da Ibo da Yarbanci, da wasu kuma da buroka, wato Turancin kasuwa na Najeriya, masu jin harsunan suka zauna suka tantance su, aka bayyana yadda aka yi da dalilin yi, aka bar sakamakon a buɗe ga kowa. Shi ma daga shafukan mutane aka ɗebo, kuma a ganina tambayar izini tana nan a kansa. Sai dai an san waɗanda suka yi, ana iya zuwa a tambaye su, kuma ba a sa abin ya yi shigar kowa ba. Shirin Common Voice na Mozilla ya fi kusa da abin da nake so, don mutum da ƙafarsa yake zuwa ya karanta jimla ya ba da muryarsa, ya san abin da ya bayar. Mu a Yamai ma ba baƙi ba ne ga irin wannan aiki. Cibiyar CELHTO tana nan tun 1968 tana tattara tarihin baka da nazarin harsunan Afirka. Mai tattara tarihin baka na kirki ba ya laɓewa bayan zana da rakoda. Sallama yake yi, ya gaida tsoho, ya faɗi abin da ya kawo shi, ya rubuta sunan mai magana da garinsa da ranar, don ko bayan shekara hamsin a san bakin da maganar ta fito. Me zai hana Jami'ar Abdou Moumouni da Jami'ar Djibo Hamani ta Tawa da gidajen rediyon karkara su haɗa kai su tara Hausarmu haka, da sallama, da izini, da ɗan ladan masu magana? Samari masu kai irin wannan da ya ba ni kujera, su ne ma za su yi aikin, kuma ya fi musu mutunci da bin hotunan mutane da talla.

Doka ma ba babu ba. Nijar na da dokar kare bayanan mutane tun 2017, aka sabunta ta a 2022, ga kuma hukumar HAPDP da aka ɗora wa kula da ita. Maƙwabciyarmu Najeriya ta ci tarar Meta dalar Amurka miliyan 220 a watan Yulin 2024 kan yadda ya yi da bayanan ƴan ƙasar, abin da ya nuna ƙasar Afirka ma na iya cewa a dakata. Abin da nake roƙo bai ma kai wannan girma ba. Duk amsar da inji ya rubuta, a faɗa a jikinta cewa inji ne, da Hausa, a inda ido zai gani. Mai shago na iya sa manhaja ta faɗi lokacin buɗewa da kalolin da ke akwai, a shafinsa, ga wanda ya zo ya tambaya, amma kada ya sake ta ta bi mutane har gidan makoki. Rasuwa da ciwo da fatawa kuwa, kada a bar inji ya amsa su da sunan mutum ko kaɗan.

Ƴan kasuwa su ji wannan da kyau, don kansu. Dokar laifukan intanet ta 2019 tana nan, kuma a watan Yunin 2024 an maido mata da hukuncin ɗauri kan ɓatanci da zagi da yaɗa abin da ka iya tada hankalin jama'a. In rubutu ya fita da sunanka, kai za a fara kira. Wanda ya miƙa shafinsa ga injin da ba ya karanta abin da yake rubutawa ya ba da aron bakinsa ne, baki kuwa shi ke yanka wuya. Na faɗa wa Alhaji haka a shagonsa, ya ce a ranar zai sa a kashe abin, kuma ya sa an kashe.

Bayan mako biyu ya kira ni ya ce yana son zuwa gida. Ya zo bayan la'asar shi da ƙaninsa, ya cire takalmi a bakin zaure, ya zauna, ya yi wa kawu addu'a mai tsawo. Sannan ya roƙi in kira masa yarinyar. Na kira Tawa na miƙa masa wayar. Na ji yana cewa, "Ƴata, ki yafe mini. Ban san mahaifinki ba, ba kuma ni na rubuta ba, amma sunana ne a wurin." Ta yi kuka, ta ce ta yafe.

Saurayin har yanzu akwai shagunan da yake yi wa aikin. Mun haɗu kwanaki, ya gaishe ni da ladabinsa, ya ce mini ya ƙara wa manhajar kalmomin rasuwa, da rubutun Faransanci da na Hausa duka.

Matar kawu ba ta karatu. A kwanakin farko na takaba, kafin a goge rubutun nan, takan sa autar ta karanta mata gaisuwar mutane da dare, ɗaya bayan ɗaya, da sunayensu. Tana ji tana cewa amin, wannan ɗan wane ne, wannan jikar wance ce, Allah ya saka musu. Duk lokacin da aka zo kan wannan layin, yarinyar tsallakewa take yi.